Ruwan Ƙazanta, Wutar Lantarki da Ɗumamar Yanayi: Ina Kaduna Ta Dosa?

Shafin Kimiyya da Muhalli, daga Ƙungiyar 'Yan Jarida ta Makaranta

A wannan fitowar, shafinmu ya ɗauko batun da ba a cika son maganarsa a bainar jama'a ba, wato ruwan ƙazanta: ruwan wanka, na wanki, na wanke-wanke, da abin da ke fita daga bayan gida. Kowane gida yana fitar da shi kullum, amma kaɗan ne suka san inda yake ƙarewa. Kaɗan ne kuma suka san yana da hannu a ɗumamar yanayi, ko an tace shi ko ba a tace ba. Idan an bar shi ya ruɓe, iska mai ɗumama duniya yake fitarwa. Idan an kai shi matata, wutar lantarki mai yawa yake ci. To yaya za a yi? Abin da za mu yi bayani ke nan.

INA RUWAN YAKE ZUWA?

Mu fara da gida. A Kawo, Unguwar Dosa, Badarawa, Malali, Unguwar Rimi, Unguwar Shanu da Hayin Banki, mafi yawan gidaje ba a haɗa su da wani babban bututun ƙazanta na gari ba. Wani gida masai ne na rami, wani kuma bayan gida na zamani ne mai zuba a sokawe. Ruwan wanka da na wanki kuwa kwata yake bi, daga kwata zuwa lambatu, daga lambatu zuwa rafi, daga rafi zuwa Kogin Kaduna. Idan sokawe ya cika, sai a kira motar yashe shi, ko kuma masu kwashewa da hannu.

Wannan kogin shi ne dai wanda matatar ruwan sha ta Malali ke jan ruwa daga cikinsa. Shi manoman rani ke ban ruwa da shi a gaɓa, su kawo mana alayyafo, latas da tumatir. Shi ne kuma yake gangarawa har madatsar Shiroro a Jihar Neja, inda ake samar da wuta mai ƙarfin megawat 600. Ashe abin da muka zuba a kwata bai yi nisa da mu ba.

A nan akwai bambancin da ya kamata kowa ya riƙe. Matatar ruwan sha, irin ta Malali, tana ɗaukar ruwan kogi ta tsabtace shi don a sha. Matatar ruwan ƙazanta kuwa tana karɓar ruwan da aka riga aka ɓata, ta cire dattinsa kafin ta mayar da shi kogi. Ta biyun ce muke magana a kai. Fitacciyar irinta a kusa da mu ita ce ta Wupa a Abuja, wadda aka buɗe a 2007, aka kuma tsara ta don ɗaukar ƙazantar mutum 700,000.

Matsalar ba ta Kaduna kaɗai ba ce. Rahoton Majalisar Ɗinkin Duniya kan ruwa na shekarar 2017 ya ƙiyasta cewa fiye da kashi 80 cikin 100 na ruwan ƙazantar duniya ana sakinsa ne ba tare da an tace shi yadda ya kamata ba.

YADDA MATATA TAKE AIKI

Aikin hawa-hawa ne. Da farko ruwan yana bi ta rariyar ƙarfe wadda ke tare leda, tsumma, robar ruwa da sauran tarkace. Daga nan sai a rage masa gudu don yashi da tsakuwa su nutse.

Hawa na biyu, ana zuba shi a manyan kwatarniyoyin siminti ya tsaya cak na 'yan sa'o'i. Wanda ya taɓa ganin yadda gasara ke kwanciya a ƙasan roba bayan an tace ƙullu, ya san abin da ke faruwa a nan. Datti mai nauyi ya kwanta ƙasa ya zama laka, maiƙo ya taso sama a kwashe.

Hawa na uku shi ne zuciyar aikin. Har yanzu akwai dattin da ya narke a cikin ruwan, wanda rariya ba ta iya tarewa. Masu cire shi ƙananan halittu ne da ido ba ya gani, wato bakteriya. Dattin nan abincinsu ne. Sai dai su ma kamar mu, suna buƙatar iskar oksijin kafin su ci su narkar. Don haka ake kafa manyan injuna masu hura iska cikin ruwan dare da rana, kamar yadda yaron maƙeri ke zuga wuta da zugazugi. Wasu masana biyu, Edward Ardern da William Lockett, su suka bayyana wannan dabara a birnin Manchesta na Ingila a 1914, kuma har gobe ita ce aka fi amfani da ita a manyan birane.

Daga ƙarshe a sake barin ruwan ya kwanta, a kashe ƙwayoyin cuta da sinadarin kulorin ko da wani haske na musamman, sannan a sake shi ya tafi kogi.

INA WUTAR TAKE TAFIYA?

Injunan hura iskar nan su ne manyan masu cin wuta. A irin wannan matata, sukan cinye kusan rabin wutar da ake amfani da ita, wani lokaci ma fiye. Sai famfunan da ke tura ruwa daga gangare zuwa tudu, sai injunan matse laka.

Abin da ya sa wannan ya shafe mu sosai shi ne, bakteriya ba su san an ɗauke wuta ba. Idan iska ta yanke na dogon lokaci, sai su galabaita, ruwan ya yi baƙi ya fara wari, aikin makonni ya lalace. Saboda haka a ƙasa irin tamu, duk matatar da ta dogara da injin hura iska dole ta ajiye janareta da man dizal. Lita ɗaya ta dizal idan ta ƙone tana sakin kusan kilo 2.7 na iskar kabon. Ga tsadar mai, ga kayan gyara da ake sayowa daga waje. Wannan ne ya sa a ƙasashe masu tasowa ake yawan ganin matatar da aka kashe maƙudan kuɗi aka gina, amma bayan 'yan shekaru ta tsaya.

ISKOKI UKU MASU ƊUMAMA DUNIYA

Malaman jogirafi sun koya mana cewa akwai iskokin da ke riƙe zafin rana a sararin samaniya kamar bargo. Uku daga cikinsu suna fita daga harkar ruwan ƙazanta.

Ta farko ita ce kabon dayoksaid, wadda muke kira iskar kabon a taƙaice. Tana fita daga janareta da kuma tashoshin wuta masu ƙona gas.

Ta biyu ita ce metan. Tana samuwa ne duk inda ƙazanta ta ruɓe a wurin da iska ba ta shiga: cikin sokawe, cikin masai mai ruwa, ƙarƙashin kwatar da ta toshe, da kuma tumbin saniya. Waɗannan 'yan kumfa da kake gani suna tasowa daga baƙin ruwan lambatu, akwai metan a cikinsu. A tsawon shekara 100, kilo ɗaya na metan yana ɗumama duniya kamar kilo 28 na iskar kabon. A shekara 20 na farko kuwa ƙarfinta ya kai ninki 80. Ramin masai da ruwa ya cika shi da damina ya fi busasshe fitar da ita.

Ta uku ita ce naitiros oksaid. Fitsari yana ɗauke da sinadarin naitirojin mai yawa, kuma matata tana ƙoƙarin cire shi, domin idan ya yi yawa a kogi yana haifar da gansakuka da kainuwa, su shaƙe kifi. Idan bakteriyan da ke wannan aiki ba su sami iska daidai ba, sai su riƙa sakin naitiros oksaid. Ba ta fita da yawa, amma kilo ɗaya nata ya kai kilo 273 na iskar kabon.

Ka ga inda gizo ke saƙa. A ƙi tacewa, a sami metan da cutar kwalara. A tace da injin da ke shan dizal, a sami iskar kabon da bashi. A rage wa injin iska don tsimin wuta ba tare da lissafi ba, a sami naitiros oksaid. Aikin injiniyoyi shi ne su nemo hanyar da za ta rage duka ukun.

DABARUN DA AKE BI

1. Hura iska gwargwadon buƙata. Ƙazantar da ke shiga matata da ƙarfe bakwai na safe, lokacin da kowa ke wanka, ba ɗaya take da ta ƙarfe uku na dare ba. A da, injin yakan yi ta gudu da ƙarfi ɗaya. Yanzu ana tsoma na'urar auna oksijin a cikin ruwan, ita kuma ta riƙa ƙara wa injin gudu ko rage masa. Haka kuma an gano cewa ƙananan kumfa sun fi manya amfani, domin suna tasowa a hankali, suna kuma ba ruwa damar shan iskar sosai. Canza bakin bututun kawai yana rage cin wuta ƙwarai.

2. Mayar da laka makamashi. Maimakon a bar lakar nan ta ruɓe a fili, sai a zuba ta a wani ƙaton tanki rufaffe mai ɗumi kamar na jikin mutum, wajen digiri 35 zuwa 37. Cikin kimanin sati uku bakteriya su narkar da ita, gas ya taso a tara shi. Sunansa bayogas, kuma kusan kashi 60 cikin 100 nasa metan ne. Ana girki da shi, ana kuma tada janareta da shi.

Ga lissafi ga 'yan ajin kimiyya. Idan giram 16 na metan ya ƙone, yana ba da giram 44 na iskar kabon. Wato kilo ɗaya na metan yana komawa kilo 2.75 na iskar kabon. Da an bar shi ya tsere, illarsa ta kai ta kilo 28. Ƙona shi kaɗai ya rage illar kusan ninki 10, ga kuma wuta an samu kyauta, ga dizal ɗin da ba a saya ba. Abin da ya rage a tankin kuwa, idan an busar da shi an tabbatar ƙwayoyin cuta da ƙwan tsutsar ciki sun mutu, taki ne mai kyau. Wannan ba baƙon abu ba ne a ƙasar Hausa. Manoman kewayen birnin Kano sun daɗe suna kwasar takin birni a kan jakuna zuwa gonakinsu, shi ya sa suke noma gona ɗaya shekara da shekaru ba ta gaji ba.

Sharaɗi ɗaya ne: kada tankin ya riƙa yoyo. Gas ɗin da ya tsere ta tsaga yana iya cinye ribar da aka samu.

3. Tafkunan tace ruwa. Wannan hanya ba ta buƙatar injin hura iska ko kaɗan. Ana haƙa tafkuna a jere. Na farko mai zurfi ne, a nan datti ke kwanciya ya ruɓe. Na biyu da na uku ba su da zurfi, rana tana ratsa su. Gansakuka ta tsiro a ciki, ta yi amfani da hasken rana ta saki oksijin, bakteriya su shaƙa su cinye dattin. Zafin rana kuma ya kashe ƙwayoyin cuta. Wato rana ce ke yin aikin da janareta zai yi. Jami'ar Ahmadu Bello da ke Samaru, Zariya, tana da irin waɗannan tafkuna, haka ma birnin Nairobi na Kenya. A gabashin Kalkata ta Indiya, ruwan ƙazantar birni yana shiga tafkunan da ake kiwon kifi, an kuma sa wurin cikin jerin dausayin duniya masu muhimmanci a 2002.

Ita ma tana da nata nauyin. Tana cin fili mai yawa, tana wari idan an yi mata lodi fiye da kima, sauro yana samun mafaka idan ciyawa ta rufe gefenta. Tafkin farko kuma yana fitar da metan sosai. Maganin wannan shi ne a rufe shi da shimfiɗar roba mai kauri, a tara gas ɗin a yi amfani da shi.

4. Dausayin da aka gina da hannu. Ana cika wani kwari da tsakuwa, a shuka ciyayi irin su jema da kachala, ruwan ya riƙa bi ta cikin saiwoyinsu a hankali yana tacewa. Ya dace da makaranta, asibiti ko rukunin gidaje.

5. Bin gangare da amfani da sola. Idan aka gina matata a ƙasan gari, ruwa da kansa zai gangara, ba sai an tura shi da famfo ba. Ƙasar arewacin Kaduna kuwa ta karkata ne zuwa kogi. Abin da ya rage na buƙatar wuta, faifan sola zai ɗauki kaso mai tsoka, tunda Allah ya hore mana rana.

6. Sababbin bakteriya. A ƙasar Holan an gano wasu bakteriya masu cire naitirojin ba tare da buƙatar iska mai yawa ba, aka fara amfani da su a wata babbar matata a birnin Rotadam a 2002. Suna rage wutar da wannan ɓangare ke ci da fiye da rabi.

AKWAI WAƊANDA SUKA YI?

Akwai. Tun a 1895 aka yi amfani da gas ɗin tankin ƙazanta wajen kunna fitilun titi a garin Eksita na Ingila. A yau matatar Strass a Ostiriya da ta Marselisborg a Denmak suna samar da wutar da ta fi wadda suke ci, har su sayar da ragowar. A nan Afirka, ƙasar Ruwanda ta haɗa bayan gidan manyan gidajen yarinta da tankunan bayogas, ana dafa wa fursunoni abinci da shi, abin da ya rage saran itace sosai. A gida kuma, Cibiyar Binciken Makamashi ta Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da ke Sakkwato ta daɗe tana gwaje-gwajen bayogas.

ME YA DACE DA KADUNA?

Hausawa sun ce tun ran gini tun ran zane. Biranen Turai sun gina matatunsu tun da daɗewa, yanzu suna kashe kuɗi suna gyara su don su rage cin wuta. Garin da yawancin aikinsa ke gaba yana da damar ya zaɓi abin da ya dace tun daga tushe.

Tunda sokawe da masai muka fi amfani da su, abu na farko shi ne wurin da motocin yashe sokawe za su riƙa juye kayansu a sarrafa shi, a fitar da gas da taki, maimakon a juye a daji ko bakin rafi. Na biyu, ƙananan matatu a makarantun kwana, kasuwanni, barikoki, asibitoci da mahauta, inda ƙazanta ke taruwa wuri ɗaya, ga kuma ɗakin girki ko tukunyar ruwan zafi da ke jiran gas. Na uku, tafkuna da dausayi a bayan gari inda fili yake. Akwai hukumomin da abin ya shafa: Hukumar Kare Muhalli ta Jihar Kaduna, wato KEPA, da Hukumar Ruwa ta jiha, ga kuma Cibiyar Albarkatun Ruwa ta Ƙasa a Mando, wadda ke horar da ma'aikatan ruwa daga ko'ina a Najeriya.

Ƙasarmu ta ɗauki alƙawari. A taron sauyin yanayi na Gilasgo a 2021, Shugaba Muhammadu Buhari ya ce Najeriya za ta daidaita iskar da take fitarwa da wadda take shanyewa nan da 2060, aka kuma sa hannu kan Dokar Sauyin Yanayi a wannan shekarar. Najeriya tana cikin ƙasashen da suka amince a rage metan a duniya da kashi 30 cikin 100 kafin 2030. Idan ana wannan magana, hankali yakan tafi kan gas ɗin da ake ƙonawa a Neja Delta, amma sokawen bayan gidanku ma yana cikin lissafin.

NAMU KASON

Kada a jefa leda, tsumma, ƙunzugun jarirai ko audugar mata a masai. Su ke toshe bututu, su ke sa yashewa ta yi wuya da tsada.

Kada a zuba baƙin mai, fenti, kananzir ko maganin ƙwari a sokawe. Suna kashe bakteriyan da ke mana aiki kyauta.

Kada a juya ruwan indararo cikin sokawe. Ramin zai cika da wuri, ya tumbatsa ya shiga rijiya. Masana lafiya suna ba da shawarar a bar aƙalla mita 30 tsakanin masai da rijiya.

A rufe famfo, a gyara mai yoyo. Duk bokitin da aka ɓarnatar, an kashe wuta wajen tace shi da turo shi daga Malali.

A daina zuba shara a kwata. Kwatar da ruwa ke gudu a cikinta ba ta tara metan kamar wadda ta toshe, ba ta kuma tara sauro.

GARGAƊI

Kada wani ya leƙa ko ya shiga sokawe, ko da waya ko kuɗi ne suka faɗa. Ban da metan, akwai wata iska mai warin ruɓaɓɓen ƙwai wadda ke sumar da mutum nan take idan ta yi yawa, kuma a lokacin hanci ya daina jin warinta. Sau da yawa wanda ya shiga ceto shi ma a ciki yake zama. Kada kuma a kusanci bakin ramin da ashana, aci-balbal ko taba, domin metan yana kamawa da wuta. A sanar da manya, su kira 'yan kwana-kwana.

GWAJIN WANNAN WATA

Da izinin malamin kimiyya kuma a gabansa: a sami gorar roba, a zuba ɗanyen kashin shanu da ruwa daidai wa daida har kusan kashi uku cikin huɗu na gorar, a ɗaura balan-balan a bakinta, a ajiye a wuri mai ɗumi nesa da wuta. A riƙa auna faɗin balan-balan ɗin da zare kullum har sati biyu, a rubuta. A wanke hannu da sabulu bayan kowane aiki.

TAMBAYAR MAKO

Idan wata makarantar kwana ta tara kilo 40 na metan daga bayan gidanta ta yi girki da shi, kilo nawa na iskar kabon zai fita? Da ta bar shi ya tsere, illarsa za ta kai ta kilo nawa? A rubuta amsa da suna da aji, a jefa a akwatin ƙungiya kafin ranar Alhamis. Za mu liƙa sunayen waɗanda suka dace a fitowa ta gaba, in Allah ya kai mu.